Man Riɗi da Gwiwoyin Inna Hansai

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara shigowa, sai 'yan mata su cika mini tsakar gida a nan Narayi, kowace da wayarta a hannu, wai sun zo koyon tausa. Sun kalli bidiyo, sun ga wata mai farar riga tana tsiyaya mai a bayan mutum ana ɗan kiɗa a hankali, sai suka ce ai wannan ba wani abu ba ne, shafa mai ne kawai. Wata har tambayata ta yi ko sati biyu zai isa ta ƙware, don tana so ta buɗe shago kafin Kirsimeti. Na ce mata sati biyu zai isa ta koyi yanke farce da ɗuma hannu, in tana da kai. Ni Asabe na fi shekara ashirin ina wannan aiki, kuma abin da ya fi koya mini hankali a cikinsa gwiwoyin wata tsohuwa ne a Makera, Inna Hansai mai waina, wadda ta yi shekara biyu ba ta iya sa goshinta a ƙasa ba in tana salla. Abin da ta nema a wurina ke nan, shi kaɗai. Amma kafin in kai ku gidanta, sai kun san inda na samo hannun.

Ina budurwa na baro ƙauyenmu ta wajen Kachia, na samu aikin gida a wurin wani injiniya Ba'indiye da ke aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Yana zaune da mahaifiyarsa, wata 'yar guntuwar tsohuwa mai faɗan tsiya. Jikokinta suna ce mata Nani, ni ma na bi bakinsu. Ranar da ta fara miƙo mini ƙafarta, daga wanke-wanke na taso, hannuna kamar ƙanƙara. Ina taɓa ta ta ƙwalla ihu har mai gadi ya leƙo. Ta kora ni in je in ɗuma hannu a kan risho, na dawo, ta kama yatsuna ta duba, ta sake korata in yanke farce. Wata uku na yi ba abin da nake yi sai ɗuma mai da murza mata tafin ƙafa. Turancinta guntu ne, nawa ya fi nata gunta, don haka yawancin karatun da bugun hannu na same shi.

A wurinsu, wai abubuwa uku ne suke riƙe da jikin mutum, ɗaya daga ciki iska ce, suna ce mata vata. In sanyi ya zo, ko tsufa ya zo, sai wannan iska ta yi yawa. Fata ta bushe, dunduniya ta tsage, gaɓoɓi su riƙa ƙara, ciki ya ɗaure, barci ya gudu. Maganinta shi ne ɗumi da maiƙo da natsuwa. Da na gane abin da take nufi sai dariya ta kama ni, don kakata ma haka take cewa sanyi ya shiga jiki, ta narka man kaɗe ta murje mu da shi. Bambancin kawai, kakata sai abin ya kama mutum take yi, su Nani kuwa tun sanyin bai iso ba suke tare masa hanya.

Kayan aikin ba su da yawa, kuna ganinsu nan a kan tabarma. Man riɗi mai kyau, wanda nake saya a wurin wata mata mai matsa da kanta a Tudun Wada, ba wanda aka surka ba. Ba a ɗora mai a kan wuta kai tsaye. Tukunyar man ake sawa a cikin ruwan zafi, a ɗiga shi a cikin wuyan hannu a ji. In ya sa kika janye hannu, to ba na jikin mutum ba ne. Sai ƙunshin gishiri a tsumma da ake gasawa a dafa wa gaɓa, sai tsohon bargo, sai garin wake da ruwan ɗumi na goge man in ya gama shiga. A kan dogon ƙashi hannu yana tafiya ne a miƙe, a kan gaɓa kuma yana kewayawa. Abin da Nani ta fi nanata mini shi ne, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ba tawa ba ce, ta likita ce. Har yau in na taɓa gwiwa na ji ta haka, tattara kayana nake yi in ce a tafi asibiti, ko nawa aka ce za a ba ni.

Shekarar da masaƙar ta rufe, injiniya ya kwashi iyalinsa suka koma ƙasarsu. Nani ta bar mini 'yar tukunyarta ta tagulla, ta yi mini faɗa na ƙarshe a kan farce, ta shiga mota. Na dawo Narayi na ce zan ci abinci da hannuna. To mu mutanenmu kun san mu, magani in bai yi ɗaci ba ba magani ba ne, gashi in bai ƙona ba ba a yi komai ba. Wata maƙwabciyata mai ciwon baya ta kwanta, na zuba mata mai yadda aka koya mini, ta ɗago kai ta ce, “Asabe, wannan ai ruwan wankan jariri ne. Ƙara wuta mana, kuɗina zan biya.” Ni kuma ina tsoron kar ta tashi ta tafi, sai na ƙara. Washegari bayanta ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa. Kafin sati ya zagayo, duk layinmu an san Asabe mai soya mutane. Damina ta wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, sai na koma soya doya da safe a bakin titi. Masu tsokana suka ce ai gara haka, doya ba ta kai ƙara.

A farkon sanyin wannan shekarar ne Binta ta zo nemana. Tare muke cefane a kasuwar Kakuri tun ina gidan Nani. Ta ce mahaifiyarta Inna Hansai ce ba lafiya, an kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba kumburi ba ne, gwiwoyin ne suka gaji da shekaru, ta riƙa ɗuma su tana motsa su. Na ce zan zo, amma sai na tashi daga doya, wajen sha biyu da rabi ke nan in na samu mota da wuri.

Na tarar da Inna Hansai a ƙofar ɗakinta tana kankare tanda. Shekara talatin da wani abu tana zaman waina a kan 'yar kujera tun asuba, a kan siminti, sanyi da damina. Ta ƙare mini kallo ta ce, “Ke ce 'yar Indiyar? Ai na ɗauka zan ga suma har gadon baya.”

Na ce, “Inna, sumar ta koma ƙasarsu, hannun ne ya rage.”

Ta yi dariya ta miƙo ƙafa. Gwiwoyin sanyi ƙalau, fatar ta yi fari fat, in ta lanƙwasa sai ki ji suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Irin aikina ne sak, ba na likita ba. Ina dubawa ta rage murya ta ce, “'Yar nan, ni ba gudu nake so in yi ba, ba kuma rawa ba. Shekara biyu a kan kujera nake salla, kamar wadda ta je ofis neman aiki. Malamai sun ce ya halatta, na sani, Allah ba Ya takura wa bawansa. Amma ina so in sa goshina a ƙasa ko sau ɗaya ne kafin in koma.”

Na ce mata ban yi alkawari ba, amma za mu gwada. Na dafa mata mai na musamman, man riɗi da cittar garinmu da tafarnuwa mai yawa, yadda Nani take yi wa nata gwiwoyin. Kullum ban da Lahadi ina can. In murza, in gasa gishiri in dafa, in lulluɓe ta da bargo. In na zo tafiya wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna sai in ce, “Inna, ki bar man nan a jikinki har la'asar, kar ruwan sanyi ya taɓa wurin.” Sai ta ce, “To, 'yar nan, Allah Ya yi albarka.” Ta sa Binta ta ƙunsa mini waina.

Sati uku muna haka, ko gezau. Kullum na zo sai in tarar da fatar a bushe kamar ba ta taɓa ganin mai ba, har ma ta fi da tsagewa. Na canza man, na ce ko matar Tudun Wada ce ta fara surki. Na je har wurinta muka kusa ɓatawa a banza. Na ƙara tafarnuwa. Na ƙara lokacin gashi. Na tambayi Inna ko tana bin abin da na ce, ta ce, “Ina iya ƙoƙarina.” Raina ya ɓaci sosai a lokacin, na fara tunanin ko dai masu tsokana sun yi gaskiya, doya ce kawai daidai hannuna. Na yanke a zuciyata cewa ƙarshen satin zan faɗa wa Binta su nemi wata.

Ranar Alhamis na fita har na kai bakin titi, sai na tuna na bar tukunyar tagullata a cikin ruwan zafi. Na juyo, ana kiran sallar azahar. Na yi sallama na shiga, me zan gani? Inna Hansai a bakin randa, ta yaye bargo, ga sabulun wanki, ga soso, tana dirzar gwiwoyin nan da ruwan randa mai sanyin tsiya kamar tana wanke tukunyar biki. Ta ɗago muka haɗa ido. Soson ya tsaya a hannunta.

Na ce, “Inna! Kullum haka kike yi?”

Ta ce, “To ya zan yi, 'yar nan? Kina fita ake kiran salla. In tsaya gaban Ubangiji ina warin tafarnuwa kamar miyar da aka manta a murhu? Ga maiƙo ya ɓata zane, ya ɓata sallaya.”

“To me ya hana ki faɗa mini?”

“Haba. Mutum ya hau mota biyu ya zo ya yi maka wahala, ka dube shi ka ce aikinka wankewa nake yi? Ai da kunya.”

Binta ta fito daga kicin tana ɓoye fuska, ashe ita ma ta sani, uwar ce ta hana ta magana. Na zauna a kan turmi na yi dariya har hawaye, Inna ma ta kama, muka yi ta yi. Amma a cikin dariyar kunya ce ta rufe ni. Na yi shekaru ina jin kiran salla sau biyar a rana a garin nan, na san lokutansa kamar yadda na san ƙararrawar cocinmu, amma ban taɓa haɗa shi da aikina ba. Matar da ta kira ni don salla, na je na zaɓi lokacin da ya fi kowane kusa da salla na shafe ta da tafarnuwa. Laifin ba na man ba ne, ba kuma na Inna ba.

Muka zauna muka ƙirga a yatsa. Daga asuba zuwa azahar ne tazara mafi tsawo. Wainarta tana ƙarewa wajen tara. In na zo tara, man zai samu awa uku da wani abu yana shiga kafin a kira salla. Sai dai tara lokacin cinikin doyata ne, kuma doyar ce take ciyar da ni a lokacin. Na kwana biyu ina juya abin, rana ta uku na ba wata maƙwabciya aron kaskon, na kama hanyar Makera da sassafe.

Na cire tafarnuwa gaba ɗaya, na sa kanumfari a madadinta tare da cittar. Inna ta shinshina ta ce yanzu kam ko masallacin Juma'a za a iya shiga da wannan. Na ce Binta ta ware mata tsohon zane ɗaya na zaman mai, na koya mata kwaɓa garin wake da ruwan ɗumi ta goge wurin ba sabulu. Filas ɗin shayin gidan ya koma na ruwan alwala, abin da ya jawo gunaguni daga maigidan Binta na kwana biyu kafin ya sayo wani. Wurin zaman waina aka shimfiɗa buhu biyu da tsohuwar darduma a kan simintin, aka ɗaga kujerar da bulo. Rigimarmu babba a kan ruwan randa ce da fura mai ƙanƙara. Na ce sai kunun gyaɗa mai citta da tuwo mai zafi da ɗan man shanu har sanyi ya wuce. Ta ce, “Wato har cikina ma sai kin shiga? Wannan Indiyar taki ba ta bar wa mutum komai ba.” Ta dai bi, tana mita tana sha.

Ku da kuke neman sati biyu, ku saurara. Sai da muka yi kwana goma kafin fatar kawai ta yi laushi. Bayan nan ƙarar ta fara raguwa. Kowace safiya in na gama murzawa, gwiwar tana da ɗumi, sai in sa ta dafa turmi ta sauka kaɗan ta taso, sau biyar, ba ƙari. Rannan ta ga ta sauka sosai, daɗi ya kwashe ta ta ce za ta yi ashirin. Na hana. Ina juya baya ta yi, washegari ta kasa fita waina, muka koma baya da kwana huɗu. Na yi mata faɗa irin na Nani, ban dai buge mata hannu ba don ta haife ni. Daga turmi muka koma kan filo biyu, daga biyu muka koma ɗaya. Matan layin suna leƙowa suna kallo, wasu suna cewa wannan ruwan ɗumi-ɗumin me zai yi, a kawo ganye a tafasa a gasa ta da kyau mana. Inna da kanta take korarsu. A cikin masu leƙen nan ne na samu mutum uku na farko da suka ce in duba su, kuma daga nan ban sake komawa kaskon doya ba.

Wajen ƙarshen Janairu, wata ranar Talata, na gama aiki ina naɗe tabarma sai Inna ta ce, “Yau ba za ki tafi ba sai kin ci abinci. Binta ta ɗora shinkafa.” Na zauna muna hira har aka kira azahar. Binta ta goge mata gwiwoyin da garin wake, ta zuba mata ruwa daga filas ta yi alwala, ta canza zane. Ta shimfiɗa sallaya a tsakar ɗaki. Binta ta jawo farar kujerar roba za ta ajiye mata a baya kamar kullum, Inna ta yi mata alama da hannu ta kai ta can.

Ina zaune a bakin ƙofa, ban san ko ya kamata in kalla ko in kau da kai ba. Na kalla. Ta ta da salla, ta yi ruku'u, ta ɗago. Sannan ta fara sauka, hannu ɗaya ya riga ta isa ƙasa, gwiwar dama ta bi, ta hagu ta ɗan yi gardama kafin ta yarda. Goshinta ya taɓa sallaya.

Ta daɗe a nan. Ni ba Musulma ba ce, amma na ga salla ba adadi, na san ba a daɗewa haka. Binta ta miƙe tsaye tana raɗa mini, “Anti Asabe, ta kasa tashi. Bari in ɗaga ta.” Na riƙe mata wuyan hannu. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ina cewa a raina ko na bar tsohuwar mutane ta yi gaggawa. Amma ina kallon bayanta, numfashinta a natse yake, kafaɗunta ne kawai suke ɗan rawa. Can sai ta dafa ƙasa ta ɗago ta zauna, ta sake komawa. Haka ta kai raka'a huɗu, kowane tashi sai ta dafa, kowace sauka a hankali, ba wanda ya taɓa ta.

Da ta sallame, fuskarta jiƙe da hawaye, Binta ta durƙusa kusa da ita ta ce, “Inna, wallahi kin tsorata mu. Na ɗauka kasa tashi kika yi.”

Inna ta share ido da gefen mayafi ta harare ta. “Tashi kam zan iya. Shekara biyu ina tara maganar da ba a faɗarta sai a nan, sannan ki ce in yi sauri?” Ta juyo ta dube ni. “Ke ma Asabe kina ciki. Binta, zubo mata abinci.”